Yadda ake lissafin cinikin watan baya a Power BI ba tare da jimilla ta yi maka ƙarya ba

Ranar da na fara kai wa wani Alhaji mai sarin kayan masarufi a Kano rahoton cinikinsa a Power BI, manhajar Microsoft ta haɗa rahoto daga alƙaluma, ban gama gyara zama ba ya ɗora yatsa a layin ƙarshe na jadawalin ya ce, "Malam, wannan fa? Wato cinikina ya ninka sau huɗu ni ban da labari?" Layin jimilla na nuna ƙarin kashi 300 cikin ɗari. Watannin da ke sama duk daidai suke, shi ma bai musa su ba, don ya san cinikinsa kamar yunwar cikinsa. Ƙasan ne kaɗai ya kauce hanya. Na roƙi ya ba ni zuwa gobe.

Abin da ya kayar da ni ranar shi ke kayar da yawancin waɗanda suka taso a Excel. A can, jimilla tara abin da ke sama take yi. A Power BI kuwa layin jimilla ko kallon layukan da ke samansa ba ya yi. Fomular da ka rubuta yake sake ɗauka ya lissafa daga farko, sai dai a wannan karon an cire masa sharaɗin wata da na kaya. Idan fomularka ta dogara da "wane wata muke ciki", a layin jimilla tambayar ba ta da amsa guda, sai ta ba ka abin da ta samu. Duk gyaran da ke ƙasa daga nan ya samo asali.

Zan yi aiki da alƙaluman misali, a miliyoyin naira: Disambar 2023 an yi cinikin 40, Janairun 2024 an yi 52, Fabrairu 47, Maris 61. Tebura uku ne: Ciniki, mai ɗauke da kowane rasit, Kaya, mai sunayen kaya, wanda aka haɗa alaƙarsa da Ciniki, da Kalanda. Abin da Power BI ke kira Measure ni ma'auni zan riƙa ce masa.

Kalanda tukuna

Kada ka yi lissafin wata a kan ginshiƙin ranar da ke cikin teburin Ciniki. Ranar da shago bai buɗe ba babu layinta a can, kuma rana ɗaya tana maimaituwa sau ɗaruruwa. Fomulolin lokaci na DAX, wato yaren da ake rubuta fomula da shi a Power BI, suna buƙatar tebur mai kowace rana sau ɗaya, a jere, ba tsallake, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Ka ƙirƙiri sabon tebur da wannan:

```
Kalanda =
ADDCOLUMNS (
    CALENDAR ( DATE ( 2023, 1, 1 ), DATE ( 2025, 12, 31 ) ),
    "Shekara", YEAR ( [Date] ),
    "Wata", FORMAT ( [Date], "yyyy-MM" ),
    "LambarWata", YEAR ( [Date] ) * 12 + MONTH ( [Date] )
)
```

Daga nan abu uku. Ka danna teburin ka zaɓi "Mark as date table" ka nuna masa ginshiƙin Date. Ka ja alaƙa daga Kalanda[Date] zuwa Ciniki[Rana]. Ka shiga saituna ka kashe "Auto date/time", wanda ke ƙirƙirar ɓoyayyun kalandu a bayan kowane ginshiƙin rana, ya ƙara wa fayil nauyi ya kuma rikita ka.

Kafin ka wuce, leƙa Ciniki[Rana] da kyau. Idan manhajar shagon tana rubuta sa'a tare da rana, misali ƙarfe 2:35 na rana, alaƙar ba za ta kama ba, domin ranakun Kalanda duk a ƙarfe 12 na dare suke tsaye. A Power Query, sashen Power BI da ake gyara bayanai kafin a shigo da su, za ka mayar da ginshiƙin rana zalla. Sannan mu nan rana muke fara rubutawa kafin wata, 03/04/2024 na nufin 3 ga Afrilu. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris, ta kwashe cinikin wani wata ta zuba a wani, ba ta ce maka uffan ba. Wajen sauya nau'in ginshiƙin ka bi ta "Using Locale" ka zaɓi tsarin da ke fara sa rana.

Wani abu da ake yawan mantawa: duk inda za ka sa wata ko shekara a rahoton, a layukan jadawali ne ko a akwatin zaɓi, daga Kalanda za ka ɗauko. In ka sa Ciniki[Rana] a akwatin zaɓi, ginshiƙin watan baya zai fito wayam. Fomular za ta cire sharaɗin da ke kan Kalanda ta koma Fabrairu, amma sharaɗin da ke kan Ciniki yana nan yana cewa Maris, kuma babu rasit ɗin da yake Fabrairu yake kuma Maris.

PREVIOUSMONTH ko DATEADD

Ma'aunin tushe ba shi da wuya:

```
Jimlar Ciniki = SUM ( Ciniki[Kudi] )
```

Wanda na kai wa Alhaji shi ne wannan, don sunansa ya fi kama da abin da nake nema:

```
Watan Baya Tsoho =
CALCULATE ( [Jimlar Ciniki], PREVIOUSMONTH ( Kalanda[Date] ) )
```

PREVIOUSMONTH ranar farko take dubawa cikin ranakun da aka ba ta, sai ta dawo da watan da ya gabaci wannan ranar, wata ɗaya tak. A layin Maris ranar farko 1 ga Maris ce, sai ta ba da Fabrairu, daidai. A layin jimillar Janairu zuwa Maris ranar farko 1 ga Janairu ce, sai ta ba da Disamba kaɗai.

| Wata | Ciniki | PREVIOUSMONTH | DATEADD |
|---|---|---|---|
| 2024-01 | 52 | 40 | 40 |
| 2024-02 | 47 | 52 | 52 |
| 2024-03 | 61 | 47 | 47 |
| Jimilla | 160 | 40 | 139 |

Ka ga inda kashi 300 ya fito: an gwada cinikin wata uku, 160, da na wata ɗaya, 40. Ginshiƙin ƙarshe daga wannan ya zo:

```
Watan Baya =
CALCULATE ( [Jimlar Ciniki], DATEADD ( Kalanda[Date], -1, MONTH ) )
```

DATEADD duk ranakun da aka ba ta take ɗauka ta ja su baya da wata guda gaba ɗayansu. Janairu zuwa Maris sun koma Disamba zuwa Fabrairu, 40 da 52 da 47, wato 139. Tana kuma da wayon cika wata: in ka ba ta Fabrairu cikakke za ta dawo maka da Janairu har 31 ga wata, ba za ta tsaya a 29 ba. Ni dai tun ranar nan ban sake sa PREVIOUSMONTH a jadawalin da ke da jimilla ba. A kati mai nuna lamba ɗaya, inda aka zaɓi wata ɗaya, ba ta da laifi.

Watan da bai zo ba tukuna

Yanzu ka zaɓi shekarar 2024 gaba ɗaya, alhali cinikin da aka shigar ya tsaya a ƙarshen Maris. Sai ga layin Afrilu ya ɓullo, babu ciniki a cikinsa, amma watan bayansa 61. Gaskiya ne, sai dai ba kyan gani, kuma mai shago zai tambaye ka. Gyaran da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne:

```
IF ( ISBLANK ( [Jimlar Ciniki] ), BLANK (), [Watan Baya] )
```

Afrilu ya ɓace, ka ji daɗi. Duba ƙasa: jimilla 200 ce, layukan da ake gani kuma 139 suke bayarwa. A layin jimilla IF ta tambaya, "Shin shekarar nan babu ciniki?" Akwai. Sai ta ja shekarar duka baya, har da Maris ɗin da ka ɓoye tare da Afrilu. An share ɗaki an tura sharar ƙarƙashin gado.

Maimakon ɓoye layi, ka hana ranakun da ba su zo ba shiga lissafin tun farko. A teburin Kalanda ka ƙara ginshiƙi:

```
AkwaiCiniki = Kalanda[Date] <= MAX ( Ciniki[Rana] )
```

Sannan ka gyara ma'aunin:

```
Watan Baya =
CALCULATE (
    [Jimlar Ciniki],
    CALCULATETABLE (
        DATEADD ( Kalanda[Date], -1, MONTH ),
        Kalanda[AkwaiCiniki] = TRUE ()
    )
)
```

Ranakun da suka kai ranar rasit na ƙarshe kaɗai ake ja baya yanzu. Afrilu ya ɓace da kansa, jimilla ta dawo 139. Wannan gyara jifa ɗaya ne tsuntsu biyu. Idan yau 14 ga Afrilu, layin Afrilu zai gwada kansa da 1 zuwa 14 ga Maris, ba da Maris cikakke ba. In ba haka ba, kowane farkon wata rahoton zai riƙa nuna kasuwa ta faɗi warwas, hankalin mai gida ya tashi a banza. Sai ka kula da rasit ɗin da wani yaron shago ya yi kuskure ya sa masa ranar baɗi: MAX za ta kama shi, gyaran ya tashi aiki. In ka ga watannin gaba sun dawo, can za ka fara dubawa.

Sa sharaɗi: kuɗi hannu kaɗai

A nan ne aikin ya fi santsi. Ɗan kasuwa ba jimillar ciniki kawai ta dame shi ba, yana son sanin nawa ne kuɗi hannu, nawa ne taransifa, nawa ne bashi. Mu ce teburin Ciniki yana da ginshiƙin Biya. Abin da mutane da yawa ke rubutawa shi ne:

```
CALCULATE (
    [Jimlar Ciniki],
    FILTER ( Ciniki, Ciniki[Biya] = "Kudi hannu" ),
    DATEADD ( Kalanda[Date], -1, MONTH )
)
```

A ido babu aibu, amma a layin kowane wata fanko zai ba ka. Dalili: FILTER ta ɗauki teburin Ciniki kamar yadda yake a layin da ake ciki. A layin Maris, rasitan Maris kaɗai ke hannunta, kowanne da ranarsa a manne. Sai DATEADD ta ce a koma Fabrairu. CALCULATE na neman abin da ya cika sharaɗin biyu a lokaci guda, rasit ɗin Maris da aka yanka a Fabrairu, wanda babu shi. Abin da ya fi wannan muni, a layin jimilla lamba za ta fito, domin tsakanin Janairu–Maris da Disamba–Fabrairu akwai watanni biyu da suka haɗu. Layuka wayam, jimilla da lamba, lambar ma ba daidai ba.

Ƙa'idar ita ce ka tace ginshiƙi, kada ka tace tebur sukutum:

```
Watan Baya Kudi Hannu =
CALCULATE (
    [Watan Baya],
    KEEPFILTERS ( Ciniki[Biya] = "Kudi hannu" )
)
```

Yanzu sharaɗin bai san komai game da rana ba, ya bar wa DATEADD aikinta. KEEPFILTERS kuma tana da nata amfanin. In babu ita, sharaɗin da ka rubuta zai ture duk wani zaɓi da mai karanta rahoto ya yi a kan ginshiƙin Biya. Ka jera nau'o'in biya a layuka, sai ka ga lambar kuɗi hannu ta maimaita kanta a layin bashi da na taransifa, jimilla kuma ta zama ɗaya da kowane layi. Da KEEPFILTERS, layin bashi zai zauna fanko, layin kuɗi hannu ya ɗauki lambarsa, lissafi ya tashi daidai.

Ɗan gargaɗi ga masu rubuta bayanai da Hausa: a wurin kwamfuta "Kuɗi hannu" da "Kudi hannu" abu biyu ne daban, don ɗ da d ba harafi ɗaya ba ne. In wani reshe na rubuta mai lanƙwasa wani na rubuta marar lanƙwasa, rabin kuɗin zai salwanta a rahoto. A Power Query ake daidaita su kafin su iso DAX.

Lokacin da dole ka tilasta wa jimilla ta tara layuka

Akwai sharaɗin da ba ginshiƙi ba ne, sai an lissafa kafin a san amsarsa. Alhaji ya ce, "Ni kayan da muka sayar a wannan watan kaɗai nake son a gwada mini da watan baya. Wanda muka daina kawowa a cire shi." Ga yadda Maris da Fabrairu suka kasu:

| Kaya | Maris | Fabrairu |
|---|---|---|
| Shinkafa | 30 | 22 |
| Sukari | 19 | 15 |
| Taliya | 12 | |
| Man gyaɗa | | 10 |
| Jimilla | 61 | 47 |

Ka sa IF ɗin nan ta ɗazu, layin man gyaɗa zai ɓace, a ga 22 da 15, wato 37, jimilla kuma ta ci gaba da cewa 47. Ciwon ɗaya ne da na Afrilu, amma ginshiƙin AkwaiCiniki ba zai yi maganinsa ba, don wannan ba zancen rana ba ne. Dole ka gaya wa Power BI ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya, wata ɗaya bayan ɗaya, ya lissafa kowanne, sannan ya tara:

```
Watan Baya Kayan Yanzu =
SUMX (
    SUMMARIZE ( Ciniki, Kalanda[Wata], Kaya[Suna] ),
    [Watan Baya]
)
```

SUMMARIZE a kan teburin Ciniki tana fitar da haɗin wata da kaya waɗanda aka yi cinikinsu da gaske. Man gyaɗa a Maris ba ya ciki, don haka ko IF ba ka buƙata. SUMX ta bi jerin, a kowane layi ta kira [Watan Baya], ma'aunin kuma ya ɗauki watan da kayan wannan layin a matsayin sharaɗinsa. Jimillar Maris ta zama 37.

Abu biyu ne ke ɓata wannan. Na farko, ka rubuta SUM ko wata fomula tsirara a cikin SUMX maimakon ka kira sunan ma'auni. Sunan ma'auni yana zuwa da CALCULATE a ɓoye, ita ce ke mayar da layin da ake kai sharaɗi. In babu ita, kowane layi jimillar duka zai ɗauko, lambar ta kumbura ninkin ba ninkin. Na biyu, ka manta da ɗaya daga cikin ginshiƙan. In ka bi kaya kaɗai ba tare da wata ba, jadawalin wata ɗaya zai yi daidai, amma da an zaɓi wata uku sai ya karkace, domin man gyaɗa da aka sayar a Fabrairu zai sa a ɗauka "ana sayar da shi" a duk tsawon lokacin. Ginshiƙan da ke cikin SUMMARIZE su ne matakin da sharaɗin ke aiki a kansa, kuma mai kasuwar ne zai faɗa maka matakin: kaya ne, ko kaya a kowane reshe, ko kwastoma? Amsoshin ba ɗaya suke ba, kowanne kuma daidai ne a wurinsa.

Ban da son a riƙa lulluɓe kowane ma'auni da SUMX don kawai jimilla ta yi kyau. A teburin da ke da miliyoyin rasitai da dubban kaya, rahoton zai yi nauyi. Kuma 47 ɗin nan ba ƙarya ba ce, ita ce cinikin Fabrairu na haƙiƙa. Wanda ya ga 37 bai san an cire man gyaɗa ba zai je ya gwada da littafin akanta ya ce ka ci miliyan goma. Ka sa wa ginshiƙin sunan da ke faɗin abin da aka cire.

Kaso ba a tara shi

```
Canji =
DIVIDE ( [Jimlar Ciniki] - [Watan Baya], [Watan Baya] )
```

Wannan kam barinsa za ka yi ya lissafa kansa a layin jimilla, halin Power BI ɗin nan da ya ba mu wahala a nan shi ake so. 160 a cire 139, a raba da 139, ƙarin kashi 15.1 ke nan. In ka tara kason watanni ukun za ka samu lambar da ba ta nufin komai. DIVIDE kuma tana dawo da fanko idan babu watan baya, kamar taliya a Maris, maimakon ta cika maka jadawali da alamar kuskure. Idan wani layin jimilla ba shi da ma'ana ko ta yaya, ka rufe shi da ISINSCOPE ( Kalanda[Wata] ) a cikin IF, ya fito a layin wata kaɗai.

Kada kuma ka sauko da wannan gwaji zuwa rana-rana kana jiran layuka su tara su ba da jimilla. 30 da 31 ga Maris ba su da takwarori a Fabrairu. A matakin wata ake wannan lissafi.

In mai shago da watan Musulunci yake lissafi

Mai sayar da sukari da shinkafa da dabino ba Maris da Afrilu ne a kansa ba, Sha'aban da azumi ne. Azumin 1445 a Najeriya ya kama ranar 11 ga Maris 2024, aka yi ƙaramar sallah 10 ga Afrilu, wato ya rabu tsakanin watannin Bature biyu, rahoton wata-wata ya yanka kasuwar azumi gida biyu. DATEADD a kan ginshiƙin rana watannin Miladiyya ta sani. Sai ka ƙara wa Kalanda ginshiƙin LambarHijira, shekara sau 12 a haɗa da lambar wata: Ramadan 1445 zai zama 17349, Sha'aban 17348. Ranakun kamawar wata da hannu za ka shigar da su a ƙaramin tebur bisa sanarwar Sarkin Musulmi, don lissafin kwamfuta kan saɓa wa ganin wata da kwana guda.

```
Watan Hijira Baya =
SUMX (
    VALUES ( Kalanda[LambarHijira] ),
    VAR Wannan = Kalanda[LambarHijira]
    RETURN
        CALCULATE (
            [Jimlar Ciniki],
            REMOVEFILTERS ( Kalanda ),
            Kalanda[LambarHijira] = Wannan - 1
        )
)
```

Lambar a jere take, don haka Muharram zai koma Zulhajjin bara ba tare da wata dabara ba. Irin wannan fomula tana aiki da LambarWata da muka sa tun farko, ga wanda kamfaninsa ke rufe wata a wata rana daban, misali 25 ga wata, muddin ya gyara ginshiƙin ya bi ranar rufewar.

Gwaji kafin ka kai wa mai shi

Ka fitar da jadawalin zuwa Excel ka tara ginshiƙin watan baya da hannu, ka gwada da layin jimilla. Ka maimaita sau huɗu: da wata ɗaya, da wata uku, da shekara cikakkiya, sannan da Janairu kaɗai, don ka tabbatar yana ganin Disambar bara ko da an zaɓi shekarar bana. In Janairu ya fito fanko, ko dai Kalanda bai kai baya ba, ko ba ka yi masa "Mark as date table" ba, ko an sa sharaɗin shekara tun a Power Query ya yanke bayanan bara. Sai ka zaɓi reshe ɗaya da kaya ɗaya da ka san ba a sayar da shi kowane wata ba, irin man gyaɗan nan, ka bi rasitansa da ido. Washegari da na koma wurin Alhaji, kashi 15.1 ya gani a ƙasan jadawalin, ya jawo littafinsa mai jan bango ya duba Disamba, ya ce a kawo masa na bashi.